Garba Lawal: Rayuwar Ɗan Wasan Tsakiya a Kulob da Ƙungiyar Ƙasa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta Gwada da la'asar sakaliya, a kan hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Kuta, da wuya bai tarar da yara suna buga tamaula a filin makaranta ko a wani fegi ba. Silifa ko duwatsu biyu su ne raga. Idan mutum ya tsaya ya saurari sunayen da suke laƙaba wa junansu, ba zai rasa jin na 'yan Birazil ba: wannan Neymar, wancan Casemiro, yayyensu kuma a nasu zamanin Kaka da Ronaldinho ne. Ba laifi ba ne, domin ƙasar Birazil ta ɗauki Kofin Duniya sau biyar tsakanin 1958 da 2002. Sai dai na taɓa tambayar wasu ƙannena ko sun san wani Bahaushe ɗan tsakiya da ya je Kofin Duniya har sau biyu, kuma yana cikin tawagar da ta fitar da Birazil daga gasar Olamfik. Babu wanda ya sani a cikinsu.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wannan ɗan wasa, wato Garba Lawal. Za a fara da aikin ɗan tsakiya, sannan bambancin wasa a kulob da wasa wa ƙasa, sai a bi rayuwarsa ta waɗannan fuskoki biyu. Daga ƙarshe za a kwatanta shi da wani sa'ansa ɗan Birazil, Flavio Conceicao, domin mai karatu ya ga cewa suna a kulob daban, suna a ƙasa daban.

Wane Ne Ɗan Tsakiya?

Kowane ɓangare a wasan ƙwallon ƙafa yana shiga fili da mutum 11. Ɗaya shi ne mai tsaron gida, wanda aka fi sani da gola. Sauran goman an kasa su gida uku: 'yan baya, 'yan tsakiya da 'yan gaba. Idan aka ji mai sharhi a rediyo ya ce ƙungiya ta fito da tsarin 4-4-2, yana nufin 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba biyu. Ba a sa gola a lissafin domin wurinsa ba ya canzawa.

Aikin 'yan tsakiya shi ne haɗa baya da gaba. Idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya, su ne za su fara tarewa da ƙwacewa kafin ta isa ga 'yan baya. Idan kuma tana hannunsu, su ne za su raba ta, su kai wa 'yan gaba. Saboda haka galibi sun fi kowa gudu a fili. Su ma iri uku ne. Akwai mai tarewa, wanda ke tsayawa a gaban 'yan baya, kamar yadda Sunday Oliseh ya yi wa Nijeriya. Akwai mai tsara hari, wanda akan bai wa lamba 10, irin su Jay-Jay Okocha. Sai kuma na gefe, mai hawa da sauka ta dama ko ta hagu. A nan Garba Lawal ya fi zama, ta gefen hagu, domin bahago ne a ƙafa, kodayake masu horarwa sukan mayar da shi tsakiyar fili ko ma baya idan buƙata ta taso.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Mu da Hausa "ɗan tsakiya" muke cewa, sai mu ƙara bayani idan muna son rarrabewa. Mutanen Birazil kuwa, masu magana da harshen Fotugal, suna da kalma ga kowane iri. Mai tsara hari suna kiran sa "meia", mai tarewa kuma "volante". Ita wannan kalma ta biyu tana nufin sitiyarin mota a harshensu, amma ana danganta shigarta harkar ƙwallo da sunan wani ɗan Ajantina, Carlos Volante, wanda ya yi wa kulob ɗin Flamengo wasa a wannan matsayi daga ƙarshen shekarun 1930. Wato sunan mutum ne ya rikiɗe ya zama sunan aiki. Dunga da Mauro Silva, waɗanda suka riƙe wa Birazil tsakiya a Kofin Duniya na 1994, da Gilberto Silva na 2002, duk wannan aiki suka yi. Ba su ne yara ke ɗaukar sunayensu ba, amma da bazarsu masu cin ƙwallo suka yi rawa.

Kulob da Ƙungiyar Ƙasa

Ƙwararren ɗan wasa yana da iyayen gida biyu. Na farko shi ne kulob, wanda ya ƙulla kwantiragi da shi na wasu shekaru, yake biyan sa albashi. Idan wani kulob yana son sa kafin wa'adin ya cika, sai ya biya kuɗi ya saye shi, ko kuma a ba da shi aro na ɗan lokaci. A kulob ɗan wasa yake yin atisaye kullum, yake buga wasa kusan kowane mako na tsawon kakar wasa, wadda a yawancin ƙasashen Turai kan fara a watan Agusta ta ƙare a Mayu.

Na biyu ita ce ƙungiyar ƙasa. Nan ba a saye, ba a sayarwa. Gayyata ake yi, kuma sai ɗan ƙasa. Mai horarwa zai duba 'yan ƙasar duk inda suke wasa, ya zaɓi waɗanda suka yi masa. Dokar hukumar FIFA ta tilasta wa kulob ya saki ɗan wasa a ranakun da aka keɓe da kuma lokacin manyan gasanni. Amma wannan bai hana tsama ba, musamman ga 'yan Afirka. A zamanin Garba Lawal ana buga Kofin Ƙasashen Afirka a watannin Janairu da Fabrairu, daidai tsakiyar kakar Turai. Ɗan wasa zai bar kulob ɗinsa na wajen wata guda, kafin ya dawo wataƙila wani ya gaje wurinsa. A taƙaice, kulob ne ke ciyar da ɗan wasa, ƙasa kuma ita ke sa mutanen gida su san shi.

Rayuwarsa a Kulob

An haifi Garba Lawal a Kaduna ranar 22 ga Mayu, 1974. Kaduna gari ne da ya fitar da 'yan ƙwallo da dama a wancan zamani, irin su Daniel Amokachi da Celestine Babayaro da Tijjani Babangida. Garba ya yi fice a kulob ɗin Julius Berger na Legas, daga nan ya tafi Esperance ta birnin Tunis, ɗaya daga cikin manyan kulob na Afirka. Wannan mataki ne da ake yawan mantawa: ba daga unguwa ya yi tsalle ya faɗa Turai ba. Ya fara da gida, ya je wata ƙasar Afirka, sannan ya tsallaka teku.

A 1996 ya koma Roda JC da ke garin Kerkrade a kudancin ƙasar Holan, dab da iyakar Jamus. Labarin wannan kulob ya shafe mu mutanen Jihar Neja, domin kafin zuwan Garba akwai wanda ya share fage. Tijjani Babangida daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Roda a 1991, bayan ya taka rawar gani a Wasannin Afirka da aka yi a Alƙahira a wannan shekara. Roda ta fara ba da shi aro ga VVV Venlo, sannan ya dawo ya yi suna da tsananin gudu ta gefen dama. A 1996 Ajax ta Amsterdam ta saye shi domin ya maye gurbin Finidi George, wanda ya koma Real Betis ta Sifen. Wato a shekarar da ɗan Kaduna ɗaya ya bar Roda, wani ɗan Kadunan ya shiga.

Garba ya shekara shida a Roda, daga 1996 zuwa 2002. Roda ba ta cikin manyan kulob uku na Holan, wato Ajax da PSV da Feyenoord, amma a cikin waɗannan shekaru ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar sau biyu, a 1997 da 2000. A shekarar 2000 ɗin ce ita ma Niger Tornadoes ta ɗauki kofin ƙalubale na Nijeriya, bayan ta doke Rangers ta Enugu da ci ɗaya mai ban haushi.

Shekara shida a kulob ɗaya a Turai ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo. Ga sanyi, ga sabon harshe, ga abincin da ba a saba da shi ba, sannan kowace shekara kulob na sayo sababbin 'yan wasa masu neman wurinka. Wanda ba ya cin ƙwallo da yawa ba abin da zai riƙe shi sai amfaninsa ga ƙungiya: bin umarnin mai horarwa, juriya, da yarda ya yi wasa duk inda aka ajiye shi.

Bayan Roda sai rayuwarsa ta koma ta tafiye-tafiye. Ya je Levski Sofia ta Bulgeriya, da Elfsborg ta Suwidin, da Santa Clara ta Fotugal, da Iraklis ta Girka, har ƙasar Sin ya taɓa. Daga baya ya dawo gida, ya yi wa Lobi Stars ta Makurɗi wasa, sannan ya shiga harkar horarwa da gudanarwa. Haka ƙarshen wasan mafi yawan ƙwararru yake kasancewa. Idan shekaru suka doshi talatin, kwantiragi yakan gajarce, ɗan wasa ya riƙa bin inda ake buƙatarsa.

Rayuwarsa a Ƙungiyar Ƙasa

Gasar Olamfik ta 1996 a birnin Atlanta na Amurka ita ce ta fara fito da shi duniya. Ƙa'idar gasar ita ce 'yan ƙasa da shekara 23, tare da damar ƙara manya uku. Mai horar da Nijeriya shi ne Jo Bonfrere, ɗan Holan. A rukuni Nijeriya ta ci Hangari 1-0, ta ci Japan 2-0, sannan Birazil ta doke ta 1-0. Bayan ta fitar da Meziko da ci 2-0, sai ta sake haɗuwa da Birazil a wasan kusa da na ƙarshe, ranar 31 ga Yuli.

Birazil ta zo da Bebeto da Ronaldo da Rivaldo da Roberto Carlos da Aldair. Tun a mintin farko ɗan tsakiyarta Flavio Conceicao ya zura ƙwallo. Roberto Carlos ya ci gida, aka koma kunnen doki, sai Bebeto ya ƙara, Flavio ya sake ƙarawa. Aka tafi hutun rabin lokaci Birazil na da 3, Nijeriya na da 1. Bayan an dawo ma Okocha ya ɓarar da fenareti. Saura minti 12 a tashi Victor Ikpeba ya rama ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke ta uku dab da busa usur, sannan ya ci ta huɗu a farkon ƙarin lokaci. A lokacin akwai dokar da ta ce wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ya yi nasara, don haka nan take wasa ya ƙare 4-3. Ranar 3 ga Agusta Nijeriya ta doke Ajantina 3-2, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinare a ƙwallon ƙafa na Olamfik. Ita Birazil ba ta sami wannan zinare ba sai a 2016. Garba Lawal, yana ɗan shekara 22, yana cikin waɗanda aka rataya wa lambar.

Nijeriya ba ta je Kofin Afirka na 1996 ba, saboda gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye ta daga gasar da aka yi a Afirka ta Kudu, aka kuma hukunta ta da hana ta shiga ta 1998. Saboda haka babbar gasa ta gaba ita ce Kofin Duniya na 1998 a Faransa, ƙarƙashin Bora Milutinovic. Ranar 13 ga Yuni, a birnin Nantes, Nijeriya ta kara da Sifen. Sifen na gaba da ci 2-1, sai a minti na 73 Garba ya kutsa ta gefen hagu har kusa da layin ƙarshe, ya bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa. Gola Andoni Zubizarreta ya kai hannu, ƙwallo ta goge shi ta faɗa raga. Bayan minti biyar Oliseh ya ɗirka ta uku daga nesa, aka tashi 3-2. Har yau wasu littattafan tarihi na rubuta waccan ƙwallo da sunan Garba, wasu kuma na cewa gola ne ya ci gida. Wannan kaɗai ya isa misalin rabon ɗan tsakiya: ya yi aikin, amma ba lallai a rubuta sunansa ba. Nijeriya ta fito ta ɗaya a rukuni, Sifen ta koma gida, sai dai a zagaye na biyu Denmak ta lallasa mu 4-1. Tijjani Babangida ne ya ci ƙwaya ɗayar.

Daga nan Garba ya halarci Kofin Afirka sau huɗu a jere. A 2000, wanda Nijeriya da Gana suka ɗauki nauyi, Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe, amma Kamaru ta ɗauke kofin a Legas da bugun fenareti bayan an tashi 2-2. A Mali a 2002 Garba ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta fitar da Gana a zagayen 'yan takwas, Nijeriya ta ƙare ta uku. A Tunisiya a 2004 ma ta uku ta zo. A Masar a 2006, yana dab da cika shekara 32, shi ne ya ci Senegal ƙwallon da ta sake bai wa Nijeriya matsayi na uku. Wato azurfa ɗaya da tagulla uku.

Tsakanin haka ya je Kofin Duniya na 2002 a Koriya da Japan, ƙarƙashin Adegboye Onigbinde. Bayan gasar Mali an yi wa ƙungiyar garambawul, aka ajiye manya irin su Oliseh da Finidi, amma aka tafi da Garba. Tafiyar ba ta yi daɗi ba: Ajantina ta ci mu 1-0, Suwidin 2-1, aka yi canjaras ba ci da Ingila. Na 2006 kuwa Nijeriya ba ta je ba, domin Angola ta sha gabanta bayan kunnen doki 1-1 da aka yi a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano a watan Yunin 2005. Gaba ɗaya Garba ya buga wa Super Eagles wasa fiye da 50 cikin kusan shekara goma. Masu horarwa sun zo sun tafi, Turawa da 'yan gida, kowanne da nasa ra'ayi, amma kusan duk wanda ya zo sai ya kira shi.

Kwatanci da Flavio Conceicao

Bari mu koma ga wanda ya ci Nijeriya biyu a 1996. Shi ma Flavio a 1974 aka haife shi, a jihar Sao Paulo, makonni uku kacal bayan Garba. Ya yi suna a Palmeiras, inda ya ci gasar Birazil a 1993 da 1994. A 1996, shekarar da Garba ya tafi Roda, shi kuma ya tafi Deportivo La Coruna ta Sifen, ya taimaka mata ta ɗauki La Liga a 2000. A wannan shekara Real Madrid ta saye shi, ya ci La Liga a 2001 da 2003, da Kofin Zakarun Turai a 2002, tare da su Zidane da Figo da Raul. Daga baya aka ba da shi aro ga Borussia Dortmund, ya je Galatasaray ta Turkiyya, ya ƙare a Panathinaikos ta Girka, a daidai lokacin da Garba yake Iraklis.

Idan kofunan kulob za a ƙirga, Flavio ya yi wa Garba nisa. A ƙasa ma ya ci kofin Kudancin Amurka a 1997 da 1999. Amma bai taɓa taka fili a Kofin Duniya ba. A 1998 rauni ya sa aka cire shi daga tawaga gab da gasar, a 2002 kuma ba a tafi da shi ba, Birazil ta ɗauko kofi ba shi. Garba da bai taɓa yi wa babban kulob na Turai wasa ba ya je sau biyu.

Dalilan wannan bambanci a fili suke. Na farko, a Birazil masu neman gurbi ɗaya suna da yawa ƙwarai, wanda ya yi jinyar wata biyu sai ya dawo ya tarar an zauna masa. Na biyu, gasar ƙasa lokaci gare ta. Kofin Duniya sai bayan shekara huɗu, wanda rauni ya same shi a watan da bai dace ba ya rasa ke nan, alhali kulob na buga wasa kowane mako. Na uku, mai horar da ƙasa ba shi da isasshen lokacin atisaye, kuma adadin waɗanda zai tafi da su ƙayyadadde ne. Saboda haka yakan so ɗan wasan da zai iya riƙe wuri biyu ko uku, wanda kuma yake buga wasa a kai a kai a kulob ɗinsa, ko da kulob ɗin ƙarami ne. Zama a benci a babban kulob yakan kawo kuɗi da kofi, amma ba ya tabbatar da gayyata.

Kammalawa

An ga yadda aikin ɗan tsakiya yake, da yadda rayuwar ƙwararren ɗan wasa ke tafiya a kan hanya biyu da ba lallai su daidaita ba. An ga Garba Lawal ya tashi daga Kaduna zuwa Legas, zuwa Tunis, zuwa Kerkrade, ya tara zinaren Olamfik da lambobin Afirka huɗu da zuwa Kofin Duniya biyu, ba tare da ya zama mai yawan cin ƙwallo ba. An kuma ga Tijjani Babangida, wanda tafiyarsa zuwa Ajax daga Minna ta fara.

Ga yaran da ke buga tamaula a Gwada, filin wasa na Bako Kontagora da ke Minna ya fi Madrid kusa, kuma waɗanda suka riga su isa Turai ta irin wannan fili suka bi. Ga mu ɗaliban Hausa kuwa, akwai aiki a gabanmu. Labarin waɗannan 'yan wasa kusan duk da Turanci yake a rubuce, alhali da Hausa ake sharhin ƙwallo a rediyo, da Hausa ake musu a gidajen kallo da teburin mai shayi. Kalmomi irin su satar gida, cin gida, kunnen doki da ɗaya mai ban haushi sun nuna harshen ya daɗe da karɓar wannan wasa. Mai neman batun kundin kammala digiri zai iya tattara waɗannan kalmomi, ko ya rubuta tarihin ɗaya daga cikin 'yan wasan nan da Hausa tun suna raye ana iya tambayarsu.